Jar Mota da Tsinken Albasa

A ƙauyen Parit Keladi, in kana neman hanyar ɓata yininka, ka tambayi Pak Ngah Sudin wace motar tsere ce ta fi gudu a bana. Zai ajiye kofin shayi, ya shafa gashin baki, ya dube ka da tausayi, sannan ya fara. Kafin ya dire shayinka ya huce, azahar ta wuce, matarka ta aiko a duba ko lafiya.

Iliminsa kuwa yana da asali. Shekarun baya, da aka kawo babban tsere filin Sepang, an ɗauke shi aikin nuna wa motocin bas wurin tsayawa, can bayan katanga. Ko tayar motar tsere bai gani ba, ƙara kawai ya sha. Amma wani Bature mai jar riga ya tsaya ya yi masa magana, kuma tun daga ranar Pak Ngah yake cewa injiniyan jajayen motoci ne ya nemi shawararsa. Wanda ke tsaye kusa da su ya rantse banɗaki mutumin yake tambaya. Pak Ngah ya ce hassada ce.

Da wannan ilimi ya mallaki kujerar gaba a shagon shayin Mamak Meeran. Kujerar roba ce mai hannu, daidai hancin talabijin, ƙarƙashin fanka ɗaya tilo da ke juyawa. Ranar tsere ko mai gari ne ya shigo, sai dai ya nemi benci. Pak Ngah yana son kujerar nan fiye da yadda yake son wasu daga cikin danginsa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Matsalar ita ce bana jajayen motocinsa sun ƙi ba shi haɗin kai. Sun ci tseren farko, ya yi mako yana taku kamar shi ya tuƙa. Daga nan masu ruwan toka suka karɓe fage, suka ƙi saki. A wannan ƙasa ja ta fi kowa gudu a miƙe, ta sha kashi a kwana. A waccan ta iya kwana, inji ya yi hayaƙi. A wata kuma tana gaba tun safe, aka kira ta canjin taya, ta dawo ta tarar kowa ya wuce. Kowace faɗuwa Pak Ngah na da bayaninta: iska ce, direba bai karya ba, alƙalan tsere surukan masu ruwan toka ne.

Mai goyon bayan ruwan toka a shagon shi ne Tauke Kok Weng, mai sayar da taya a bakin titi, mutum mai sanƙo da dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Shekara da shekaru yana zaune a benci yana hararar kujerar nan.

"Pak Ngah, motarka ta zo ta nawa yau?" in ji shi bayan wani tsere. "Na fita shan iska ban ga isowarta ba."

"Ta biyar. Amma ta biyar mai daraja."

"Tawa ta zo ta ɗaya marar daraja, Allah sarki."

"Kai ba ka iya kallo ba, Tauke. Duba kakar nan tun daga farkonta. A miƙe wa ya fi? Ja. A ƙarar inji wa ya fi? Ja. A kyau wa ya fi?"

"A ɗaukar kofi fa?"

"Kofi na masu shan shayi ne. Mamak ma yana da su birjik."

Shagon ya kwashe da dariya, Pak Ngah ya ɗauka shi ya ci. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa. "Bari in gaya muku abin da ke kashe ja. Tsoro! Tayar tsere sumul take, kamar kan Tauke, kuma nan gudun yake. Amma da gajimare ya haɗe rai, sai su ruga su cire sudaddun tayoyi su sa masu zane. Da suna da hankali, da Nek Sepiah suka nema."

Nek Sepiah ita ce tsohuwar da ake kira duk biki ta soke jan barkono da albasa a tsinken kwakwa, ta kafa a kusurwar gida don ruwa ya kauce. Ba ta hana ruwa, ita kanta takan faɗa. Ruwa na Allah ne, ita dai lallashinsa take ya matsa wani wuri, shi ya sa dole mai biki ya faɗa mata inda za a tura shi. Liman ya yi wa'azi a kan abin nan har muryarsa ta dishe, amma ranar auren 'yarsa an ga tsinke a bayan kicin, aka ce kaji ne suka kafa.

"To ka gwada mana," in ji Kok Weng. "Lahadi za a kai Hairul gidan amarya a Bukit Cerana. Ni zan ɗauki kayan lefe a motata mai ruwan toka, kai ka ɗauki ango. Wanda ya fara isa rumfar biki, shi ke da gaskiya."

"In na ci?"

"In sa jar riga, in riƙa kawo maka shayi duk kakar baɗi."

"In kuma, Allah ya kiyaye, ƙafata ta zame?"

Kok Weng hannu kawai ya ɗora a kan kujerar roba, ya shafa ta kamar mai taya akuya a kasuwa. Idanu sun yi wa Pak Ngah yawa. Ya ce ya yarda, Mamak Meeran ya zama shaida.

Hairul ɗan ƙanen Pak Ngah ne, yaro mai ladabi da ke aiki a banki a birni, kuma babu wanda ya tambaye shi ko yana son a yi tsere da shi.

Damuwar farko ita ce motar Pak Ngah fara ce, tsohuwa, mai tari da safe. Fenti babu. Amma matarsa Mak Ngah Rokiah ita aka ɗora wa dafa ƙwan biki, wanda ake rinawa ja a ba kowane baƙo ya tafi da shi, kuma ta tanadi rinin a gwangwani a kicin. Ya jira ta tafi yankan albasa gidan ƙanensa, ya kwashe rinin kaf, ya dama da sitaci, ya shafe motar da tsintsiya. Da rana ta busar da ita, sai ga ta ja wur, tana ƙanshin kunu.

Sudaddun tayoyi ya je nema bayan shagon abokin gabarsa, a tsibin da mata ke ɗiba su shuka barkono a ciki. Kok Weng da kansa ya fito ya taya shi zaɓe.

"Wannan ta fi sudewa, Pak Ngah. Duba, har waya ta leƙo."

"Kyauta za ka ba ni makamin da zan kashe ka da shi?"

"Haba, ai maƙwabtaka ta wuce haka. In ɗaura maka?"

Fiffiken baya irin na motar tsere kuma, katakon gugar Mak Ngah ne ya ɗaure a kan but da igiyar shanya. Sannan ya shiga rage nauyi, don ya ce motar tsere ba ta ɗaukar kayan banza. Ya cire duk kujeru ban da ta direba, ya cire gilasan gefe, ya cire safaya. Da ya zo kan waifa ya yi ɗan tunani, sai ya ɓalle su duka biyu. Mutumin da ba za a yi wa ruwa ba, me zai goge?

Ya kuma tara dattawa uku 'yan fansho ƙarƙashin Wak Kasran, ya naɗa su ma'aikatan canjin taya. Ya ce a filin tsere kafin ka yi atishawa an gama. Suka fara gwaji bayan la'asar, aka kira magariba suna kan taya ta biyu, noti ɗaya ya faɗa kwata, jek ya sauka a kan takalmin Wak Kasran, Allah ya sa ƙafar ba ta ciki. Pak Ngah ya ce ba komai, su dai tsaya a mararrabar gonar manja da tayoyinsa masu zane, ba don zai buƙace su ba, don tsere ba ya cika sai da su.

Mak Ngah ta dawo ta tsaya a ƙofar gida, ta daɗe tana kallon motar.

"Maigida, katakon gugata ne wancan?"

"Aro ne."

"Ina rinin ƙwaina?"

"Wane rini? Kin duba ƙarƙashin gado?"

Ta matsa ta shinshina ƙofar motar. Pak Ngah ya tuna yana da saƙo wurin Nek Sepiah, ya fita da sauri ta bayan gida.

Ya tarar da tsohuwar a baranda tana tauna goronta na ganye. Ya zayyana buƙatarsa, ta soke barkono da albasa, ta yi 'yan maganganunta ciki-ciki, sannan ta ɗago.

"Ina za a tura shi, Sudin?"

"Kan motar Tauke Kok Weng, Nek. Daga ƙofar gida har Bukit Cerana, duk inda ta sa hanci."

"Mota kuma? Mutane teku suke cewa, ko daji."

"Ni mota na ce."

"To, mota. Amma ka sani ruwa ba shi da ido."

Ya karɓi tsinken da hannu biyu, ya je ya kafa shi a kan katakon guga kamar tuta.

Lahadi gari ya waye tas, rana kamar an wanke ta. Hairul ya fito cikin fararen kayan ango masu zaren zinariya, da naɗi a ka da 'yar wuƙar ado a ƙugu, kyakkyawa kamar a hoto. Ya leƙa motar, ya ga babu kujera sai bokiti a kife da tabarma a kai.

"Pak Ngah, a nan zan zauna?"

"A tsakiya, don nauyi ya daidaita. Ka riƙe rufin da kyau."

"Ko in bi Tauke?"

"Ɗan uwana na jini a motar maƙiya? Shiga!"

Aka tashi bayan azahar. Abin mamaki, Pak Ngah ya bar Kok Weng ya shiga gaba, har da ɗaga masa hannu. Ya juyo ya bayyana wa ango sirrin. "Na gaba shi ke fasa iska, na baya ya sha daɗi. Haka manya ke yi. Sai ka manne masa kamar kaska, ya yi ta ja maka hanya, dab da ƙarshe ka fita ka wuce shi yana kallo." Ya kuwa manne, har hancin jar mota yana neman sumbatar bambar ta gaba.

Gudun da ake yi, mai keke mai lafiya zai iya wuce su ya waiwayo ya gaishe su. Kok Weng yana ɗauke da tiren lefe da gwaggonnin ango biyu, kowacce ta rantse za ta cire masa kunne in kek ɗin amarya ya karkace. Amma a kujerar Pak Ngah ji yake duniya na kallonsa. Da baki yake yin ƙarar injin da motar ta kasa yi.

Suna shiga jar hanyar gonar manja, gabas ta haɗe. Watan damina ne, kuma a ƙasar nan ko jariri ya san abin da sama ke yi da yamma a damina. Pak Ngah ya buga sitiyari don murna.

"Ka ga aikin Nek! Ga shi can yana neman Tauke!"

Ruwan ya sami Tauke. Ya sauko masa kamar da bakin ƙwarya, ya sauko wa abin da ke manne da bambarsa.

"Pak Ngah, ai mu ma muna ciki," in ji Hairul.

"Fantsama ce. Nasa ne yake tsalle."

"To mu ja baya kaɗan mana!"

"In saki iskar da yake fasa mini? Yaro, a banki me suke koya muku?"

Sitaci bai san da tsere ba. Ya jiƙe, ya saki, jan rini ya fara gangarowa daga rufi ta tagogin da babu gilas. Ɗigon farko ya sauka a kafaɗar ango, Hairul ya goge da hannu, ya zama tafi guda. Gilashin gaba ya koma kamar an watsa masa miyar tumatir, waifa kuwa suna gida a kan taga. Pak Ngah ya zuro kai waje don ya ga hanya, nan take gashin bakinsa ya yi ja.

A mararraba suka hango Wak Kasran da mutanensa sun fake ƙarƙashin ganyen ayaba, kowa rungume da taya. Wak Kasran ya fito tsakiyar ruwa yana kaɗa sifana.

"Don Allah Pak Ngah tsaya a sa masu zanen!" Hairul ya yi ihu. "Motar nan rawa take!"

"Wannan tsoron ne ya cinye ja tun farkon kaka. Ba a gidana ba!"

Suka wuce dattawan a karkace, gindin motar yana neman riga hancinta. Wani reshen kwakwar manja ya kamo katakon guga, ya tsinke igiyar gefe ɗaya, fiffiken ya koma yana jan ƙasa yana ƙara. Tsinken albasa dai yana nan daram, ruwa na dukansa. Bokiti ya sulale daga ƙarƙashin ango, Hairul ya ƙarasa tafiyar a zaune a ƙasa, yana karanta duk addu'ar da ya sani har da ta cin abinci.

Daga kwanar ƙarshe hanya ta gangara zuwa gidan amarya. Ga rumfa fara, ga jama'a cunkus suna fakewa, ga masu bandiri a jere suna jiran ango. Pak Ngah ya ga lokaci ya yi.

"Yanzu za ka ga ilimi!"

Ya karya sitiyari dama, ya take mai. Motar ta ji, amma ta fahimci abin ta wata fuska. A hankali, cikin natsuwa, ta juya har hancinta ya kalli inda suka fito, ta ci gaba da gangarawa da baya. Ta zo daidai da motar Kok Weng, direbobin biyu suka haɗa ido ta taga, gwaggo ɗaya ta ɗaga wa ango hannu. Sannan ja ta wuce.

"Na wuce shi!" Pak Ngah ya kurma ihu. "Ku shaida, na wuce shi!"

Ya taka birki don ya tsaya a rumfa. Birki ya kama tayoyi, tayoyin ne ba su da abin da za su kama ƙasa da shi. Motar ta bar hanya, ta ratsa shukar rogo, ta tsuguna da gindi a tafkin agwagin surukai, jifa kaɗan daga rumfa. Agwagi suka watse suna zagi. Ruwan tafkin ya fara ja.

Kok Weng ya sa sigina, ko da yake babu kowa a bayansa, ya shiga ya tsaya a bakin rumfa. Aka sauke lefe, kek ko gezau.

Masu bandiri an ce musu da sun ga ango su buga, don haka da Hairul ya rarrafo ta taga, suka buga. Ya taka zuwa rumfa ja daga naɗi har takalmi, ciyawar tafki a kan wuƙar adonsa. Amarya ta leƙo, ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ba ko dariya sai da ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. A gefe ga Mak Ngah Rokiah da kwandon ƙwai farare fat, irin waɗanda ba a taɓa rabawa a bikin mutunci ba. Wata tsohuwa ta dubi kwandon, ta dubi ango, ta ce, "Oho, bana ango aka rina."

Pak Ngah ya fito daga tafki yana ɗiga, bai ko sunkuyar da kai ba. Ya nufi Mamak Meeran, wanda aka ɗauko dafa shinkafar biki, yana tsaye da ludayi.

"Mamak, kai ne shaida. Na wuce shi ko ban wuce shi ba?"

"Ka wuce shi, Pak Ngah. Ka wuce rumfa, ka wuce rogo. Da babu tafki da yanzu kana teku."

"A dokar tsere..."

"Rumfa muka ce," in ji Kok Weng, yana goge sanƙonsa da hankici. "Agwagi ba su gayyace mu ba."

Sai ga Wak Kasran da mutanensa sun iso a guje, suna gara tayoyi cikin taɓo, suna haki. "Pak Ngah, yanzu za a canja?"

Dariyar da aka yi har ta danne ƙarar ruwa a kan rumfa. Nan ne ran Pak Ngah ya ɓaci da gaske, ya shiga neman wanda zai ɗora wa. Ya hango Nek Sepiah a kusurwa, a bushe ƙayau, tana cin shinkafa da hannu.

"Nek! Kin cuce ni! Tsinkenki ƙarya ne!"

Tsohuwar ta gama tauna lomarta, ta lashe yatsa. "Ina ka ce in tura shi?"

"Kan motar Tauke!"

"Ya sauka a kanta ko bai sauka ba?"

"Ya sauka, amma..."

"To ni na aika shi inda ka ce. Wa ya ce ka bi shi?"

Mak Ngah ba ta yi masa faɗa a gaban mutane ba. Ta dai miƙa masa ƙwai fari guda, ta ce ya riƙe, za su yi maganar sauran a gida. Waɗanda ke maƙwabtaka da su sun ce an yi maganar, kuma ba gajeriya ba ce.

Mako na zagayowa aka yi tseren ƙarshe na kaka. Kok Weng ya zo da wuri, ya kakkaɓe kujerar roba, ya zauna, ya miƙe ƙafa ƙarƙashin fanka, ya ce ashe haka duniya take da daɗi daga nan. Benci ya cika. Pak Ngah, da sauran ja a gashin baki, bai sami wuri ba sai can baya kusa da bahon wanke kofuna, inda ginshiƙi ya tare talabijin ɗin gaba ɗaya.

Kuma ranar ce, bayan wata da watanni, ja ta ci. Gajimare ya haɗu a filin, suka riga kowa shiga suka sa tayoyi masu zane, ruwa ya sauko, suka bar masu ruwan toka suna rawa a baya. Shagon ya kaure da ihu. Pak Ngah ya yi ɗage, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, bai ga komai ba sai ƙeyar mutane da sanƙon Tauke yana sheƙi. Ko tayar motar bai gani ba, ƙara kawai ya sha.

Ya koma ya zauna a kan kwandon kwalabe, ya jawo hannun rigar Wak Kasran.

"Ka ji ko? Tun a Sepang na gaya wa Baturen nan su riƙa canja taya da wuri."